Ranar da Gwaninka Ya Ba Ka Kunya

Ƙannena, a cikin shekarar 2013 wani abokina ya kawo mini faifan fim ɗin The Hobbit: An Unexpected Journey har gida, domin ya san tun ranar da aka fara maganar za a yi shi nake ƙirga watanni. Muka jira aka kawo wuta, muka ja labule, muka zauna kusan awa uku babu wanda ya ce uffan. Da sunayen ma'aikata suka fara hawa allo sai ya juyo ya ce, "To, malam, yaya ka gani?" Na ce masa ya yi kyau ƙwarai. Amma abin da ke cikin zuciyata daban ne. Ji na yi kamar wanda ya yi tattaki don gaishe da dattijon da yake ƙauna, ya tarar an yi wa gidan sabon fenti an kafa manyan fitilu, mai gidan kuwa ba ya nan. Sai da na yi wajen shekara biyu, na kalli na biyu na kalli na uku, sannan bakina ya iya furta wa wani cewa fina-finan nan ba su gamsar da ni ba.

Shekara biyun nan nake so in rage muku. Kowane ɗayanku yana da gwani, ko a fim, ko a waƙa, ko a rubutu, kuma in rai ya yi tsawo wata rana gwanin zai fitar da aikin da zai sanyaya muku gwiwa. Abin da mutum ya yi da wannan sanyin gwiwar yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato.

Bari ku fara sanin wanda nake magana a kansa, don ku gane nauyin abin a wurina. Peter Jackson mutumin New Zealand ne, an haife shi a 1961, kuma bai taɓa shiga makarantar koyon fim ba. Fim ɗinsa na farko, Bad Taste, wanda ya fito a 1987, shekara huɗu ya yi yana ɗaukarsa a ranakun hutun ƙarshen mako shi da abokansa, fuskokin roba na dodannin fim ɗin kuwa a tanderun mahaifiyarsa yake gasa su. Wannan mutumin ne aka damƙa wa The Lord of the Rings, littafin J.R.R. Tolkien mai shafi sama da dubu, wanda mutane da yawa suka ce ba zai yi fim ba. Ya je wa kamfanin New Line Cinema da shirin fim biyu, shugaban kamfanin ya ce ai littafin kashi uku ne, a yi uku. Aka ɗauke su gaba ɗaya a New Zealand cikin kwana 274, daga Oktoban 1999 zuwa Disamban 2000, suka fito a 2001 da 2002 da 2003. Kyautar Oscar 17 suka tattara tsakaninsu. Na ƙarshen, The Return of the King, an sa shi takara a rukuni 11 ya cinye dukkansu.

Ba kyaututtukan ne suka sa na ƙaunace shi ba, a lokacin ma ban san da su ba. Ina saurayi na ga na farkon a ɗakin wani ɗan'uwana, mu wajen takwas a kan tabarma, ƙaramar talabijin a bisa tebur. Wurin da ya kama ni shi ne mutuwar Boromir, jarumin da son zoben da labarin ya ginu a kansa ya rinjaya har ya nemi ƙwace shi daga hannun Frodo mai ɗauke da shi, sannan ya dawo hayyacinsa ya tsaya yana kare ƙananan abokan tafiyarsa har kibiya uku suka zauna a jikinsa. Kowace kibiya sai da na ji ta. Dodon da ke harbinsa mutum ne na gaske aka shafe awoyi ana yi wa kwalliya, kana ganin numfashinsa da yawun bakinsa. Daga baya na zo na san irin shirin da aka yi kafin a kunna kyamara. An shuka lambunan ƙauyen su Frodo a wata gona kusa da garin Matamata shekara guda kafin ɗauka, don kada ciyawa da kabeji su yi kama da na jiya. Sulken da mayaƙa suka sa, da hannu aka harhaɗa shi zobe bayan zobe, miliyoyinsu, har zanen yatsun masu aikin ya goge. Birane da ganuwoyi an gina su ƙanana a cikin ɗakuna, wasu sun fi mutum tsayi, aka ɗauke su da kyamara ta gaske. Masu zane biyu da suka daɗe suna yi wa littattafan Tolkien hotuna, Alan Lee da John Howe, an ɗauko su suka tare a can. Sama da shekara uku ana wannan tanadin. Duk abin da ido ya gani a allo akwai hannun da ya taɓa shi, shi ya sa zuciya ta yarda.

To, sai aka ce wannan mutumin zai koma ya yi The Hobbit. Wa zai hana ni murna?

Littafin The Hobbit ya riga wancan fitowa, a 1937. Tolkien malamin jami'a ne a Oxford ta Ingila, kuma 'ya'yansa ya fara ba wa labarin. Mai kamfanin ɗab'in ma ɗansa mai shekara goma ya miƙa wa rubutun ya karanta ya faɗi ra'ayinsa, ya biya shi sule guda. Shafinsa bai wuce ɗari uku da 'yan kai ba. Labarin wani ɗan ƙaramin taliki ne mai suna Bilbo Baggins, mai son abinci da kujerarsa da zaman lafiya, wanda dattijon nan mai sanda, Gandalf, ya haɗa shi da wadanni goma sha uku su je su karɓo dukiyar kakanninsu daga hannun Smaug, dodo mai fukafukai mai aman wuta. Ya bar gida a guje ko hankici bai ɗauka ba. Ya je, ya sha wuya, ya gano yana da zuciyar da bai san da ita ba, ya dawo ya tarar ana gwanjon kayan gidansa don an ɗauka ya mutu. Shi ke nan. Wanda ya karanta Ruwan Bagaja ya san ɗan siririn littafi yana iya ɗaukar doguwar tafiya, kuma rabin daɗinsa a saurinsa yake.

Wannan ɗan littafin aka mayar fim uku, a 2012 da 2013 da 2014: minti 169, da minti 161, da minti 144. Ku haɗa ku gani, kusan awa takwas. Wancan mai shafi dubu awa tara da 'yan mintoci ya ci a sinima. A nan ne nasihata ta farko take, kuma ita ce wadda ta fi ba ni wahala kafin na koya. Idan abu bai yi muku ba, kada ku tsaya a "bai yi daɗi ba". Wannan magana ce ta wanda bai gama tunani ba. Ku koma ku tambayi kanku: a daidai wane wuri hankalina ya fita daga cikin labarin ya dawo ɗakin da nake zaune? Me ya faru a allo a wannan lokacin?

Ni da na yi wa kaina tambayar, na samu wurin. A fim na farko ne, cikin kogon dodanni a ƙarƙashin dutse. Wadannin nan suna gudu a kan gadojin katako, ɗaruruwan maƙiya na binsu, suna ture su kamar ana kakkaɓe ƙuda. Can gadar ta karye da su, suka gangara wani rami mai zurfin da ko dutse aka jefa sai ya farfashe, ƙaton sarkin dodannin ya faɗo a kansu, suka miƙe suka kakkaɓe riga suka ci gaba da gudu. Babu wanda ya yi ko targaɗe. Daga wannan lokacin na daina jin tsoro a madadinsu, kuma fim ɗin kasada in ya rasa tsoron mai kallo ya rasa jarinsa. Duk abin da ya biyo baya, da tseren cikin ganguna a kogi inda ganga ɗaya take tsalle tana murƙushe maƙiya bi da bi, da narkakken zinaren da aka kwarara wa Smaug ya girgije shi ya tashi, da wani jarumi mai suna Legolas yana taka duwatsun da ke faɗuwa a iska kamar matakala, kallonsu na yi yadda ake kallon yaro yana buga wasan kwamfuta. Ido yana aiki, ƙirji yana kwance. Kibiya ukun Boromir sun fi dubun nan nauyi, domin waɗancan sun shiga jikin da na yarda zai iya mutuwa.

Da na samu wannan zaren sai sauran suka biyo shi. Sunan fim ɗin na Bilbo ne, Martin Freeman kuwa, mai fitowa a matsayinsa, ya yi wasan da ban ga abin kushewa a ciki ba, amma ana tafiya ana tura shi gefe, har a fim na uku kana iya daɗewa ba ka gan shi ba. A littafin, yaƙin rundunoni biyar da ke ƙarshen labarin babi ɗaya ne, kuma ana tsakiyarsa dutse ya bugi Bilbo a ka ya suma, sai da ya farfaɗo aka ba shi labarin yadda aka ƙare. Tolkien ya yi yaƙin duniya na farko, ya ga filin Somme da idonsa, ya rasa aminansa a can, kuma da ya zo rubuta wa yara yaƙi sai ya ƙi tsayawa yana yi masa ado. Fim ɗin ya ɗauki wannan babin ya shimfiɗa shi ya zama kusan fim guda. Wadanni goma sha uku muka yi awa takwas tare da su, amma in aka ce in faɗi halin kowanne, da ƙyar in wuce biyar. An tono Azog, maƙiyin da a rubutun Tolkien ya mutu tun kafin a fara wannan tafiyar, aka ƙera shi da kwamfuta ya yi ta binsu. An ƙirƙiro jaruma mace mai suna Tauriel, kuma wannan ban ga laifinsa ba, don littafin kusan babu mata a cikinsa. Laifin shi ne da aka rasa abin da za a ba ta sai soyayya tsakanin maza biyu, alhali ita kanta 'yar wasan, Evangeline Lilly, ta faɗa a fili cewa tun farko ta roƙi kada a sa ta a irin wannan, daga baya aka ƙaro shi. Abin da ya fi ci mini rai kuwa: Thorin, shugaban wadannin, wanda aka gina fina-finai uku a kan burinsa da kwaɗayinsa da nadamarsa, ya mutu, amma fim ɗin da aka nuna a sinima bai samu wurin nuna jana'izarsa ba. Sai a dogon kwafin da aka fitar daga baya aka saka ta. An samu lokacin barkwancin wani matsoracin bafade da ya sa kayan mata yana ɓoye zinare, ba a samu na binne sarki ba.

Kun ga bambancin wannan da "bai yi daɗi ba"? Yanzu ina da abin da zan riƙe. Na san cewa ni a labari abin da nake nema shi ne in ji tsoron rasa mutum, in kuma zauna kusa da ƙaramin cikinsu. Ban san haka game da kaina ba sai da aka hana ni shi. Fim mai kyau yakan tafi da kai har ka kasa ganin yadda aka ɗinka shi. Wanda ya ba ka kunya shi ke nuna maka bakin ɗinkin.

Kuma wanda ya bi takaicinsa a hankali shi ne zai iya ganin alherin da ke ciki, domin akwai shi. Ku nemi wurin da Bilbo ya haɗu da wata halitta mai suna Gollum a bakin wani tafki cikin duhu suka yi gasar kacici-kacici, in Bilbo ya ci a nuna masa hanya, in ya faɗi a cinye shi. Mutum biyu ne kawai da duwatsu, babu runduna babu gudu. Andy Serkis, mai fitowa a Gollum, da Martin Freeman suka yi shi kamar wasan dandamali, kuma da shi aka buɗe ɗaukar fim ɗin gaba ɗaya. Bayansa Bilbo ya samu damar sare Gollum, takobi a wuyansa, Gollum kuwa ba ya ganinsa, ya dubi idanun nan ya fasa. Wannan wurin ya kai duk wani abu da ke cikin fina-finan farko. Haka hirarsa da Smaug a kan tulin zinare kafin a ɓata ta da guje-guje. Akwai ma wani ɗan wuri da babu shi a littafin sam, inda Thorin, zargi ya cika masa zuciya, ya tsare Bilbo ya ce ya nuna abin da ke hannunsa, sai ga shi ɗan ƙwallon itace ne da ya tsinta a hanya zai kai gida ya shuka. Fuskar Thorin ta saki na ɗan lokaci. Wannan ya nuna mini ƙari a kan littafi ba shi ne matsalar ba. Gwanin yana nan, a duk inda aka bar mutum biyu su yi magana sai ka gan shi.

To me ya faru? Ruwa ba ya tsami banza, kuma nasihata ta biyu ke nan: ku nemi labarin yadda aka yi aikin kafin ku yanke wa mai aikin hukunci. Asali ba Jackson ne zai ba da umarnin The Hobbit ba. A 2008 an ɗauko Guillermo del Toro, darakta ɗan Meziko, ya koma New Zealand ya yi kusan shekara biyu yana tsara fim biyu da irin nasa idon. Amma kamfanin MGM, wanda ke da haƙƙi a cikin fim ɗin, bashi ya yi masa katutu, aka kasa sa ranar fara ɗauka, har del Toro ya gaji ya ajiye aikin a watan Mayun 2010. Kafin ƙurar ta lafa rikici ya tashi da ƙungiyar 'yan wasa, har aka yi barazanar ɗauke aikin daga ƙasar, gwamnatin New Zealand ta gyara dokar ƙwadago cikin gaggawa a watan Oktoba don a bar shi a can. Jackson ya karɓi kujerar darakta a wannan watan. A Janairun 2011 aka kwantar da shi aka yi masa tiyatar gyambon ciki. Ranar 21 ga Maris aka fara ɗauka. Mutumin da ya samu sama da shekara uku ya shirya wa aikin farko, 'yan watanni ya samu a wannan, kuma tsarin da ya tarar na wani ne, ba zai iya aiki da shi yadda yake ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka aka yi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A cikin bayanan da aka haɗa da dogon kwafin fim na uku, Jackson da ma'aikatansa sun faɗa da bakinsu cewa sau da yawa yakan iso wurin ɗauka ba tare da ya gama tsara abin da zai ɗauka ba, kayan yaƙi da sutura ana kammala su a ranar da za a yi amfani da su, babban yaƙin kuwa sai da aka dakatar da shi aka ɗaga zuwa wata shekara don ya samu sararin tunani. Ian McKellen, mai fitowa a Gandalf, ya ba da labarin yadda aka ajiye shi shi kaɗai a ɗaki mai koren bango yana magana da hotunan fuskokin abokan wasansa da aka liƙa a sanduna, har abin ya kai shi ga hawaye. Inda lokaci ya gaza sai aka cike da kwamfuta, domin ita ana iya tura mata aiki zuwa gobe, lambu kuwa sai an shuka shi bara. An kuma ɗauki fim ɗin da hoto 48 a daƙiƙa maimakon 24 da aka saba, da nufin ya fi fitowa tangaran, sai masu kallo da yawa a sinima suka ce tsabar fitowar ta sa suna ganin gemun roba a matsayin gemun roba.

Sanin wannan ya sauya yadda nake jin abin, amma ku lura, bai wanke aikin ba. Uzuri yana bayyana dalili, ba ya mayar da ɗanyen tuwo dafaffe. Kuma ba komai ne aka ɗora masa dole ba. A ƙarshen Yulin 2012, bayan an gama babbar ɗauka, shi da kansa ya sanar a Facebook cewa fim biyun za su zama uku. A karo na farko an ƙara fim na uku ne don labarin ya fi ƙarfin biyu. A wannan karon labarin ko biyun bai cika ba. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Kasuwa dai ta yi kyau, ukun sun tara kusan dala biliyan uku, na farkon shi kaɗai ya haura biliyan ɗaya. A gasar Oscar an sa su takara sau bakwai ba su ɗauki ko ɗaya ba. Ba na kawo wannan don in ce alƙalan Oscar ne ma'auni. Ina so ne ku ga cewa yawan masu saye ba ya amsa tambayar da zuciyarku ta yi muku, kada wani ya rufe muku baki da lissafin kuɗi.

Ina ganin yadda kuke yi a Facebook da TikTok idan gwanin wani ya yi tuntuɓe, kuma hanya biyu ce kusan kullum. Wasu su rantse aikin ya fi na baya, duk wanda ya ce uffan maƙiyi ne ko ɗan hassada. Na san wannan hanyar don na bi ta shekara biyu. So hana ganin laifi, gaskiya ne, amma a nan laifin ana ganinsa sarai, faɗinsa ne ake jin kamar cin amana. Wasu kuma a dare ɗaya su juya: dama can bai iya ba, sa'a ce ya taka, kuɗi ya bi, ya ƙare. Har su koma su ƙaryata daɗin da suka ji a aikinsa na farko. Wannan ta fi ba ni tausayi, domin mutum yana ƙona abin da yake nasa ne don ya huce. Daren nan da na yi a kan tabarma ina kallon Boromir nawa ne, babu fim ɗin da za a yi daga baya da zai ƙwace mini shi. Mutumin da ya yi wancan shi ya yi wannan, da hannu ɗaya da ƙwaƙwalwa ɗaya, sai dai a wancan yana da lokaci da yunwar nuna kansa, a wannan yana da kuɗi da ranar da aka yanka masa. Kuna iya riƙe girmansa ku kuma ce wannan aikin bai kai ba. Ladabi bai hana gaskiya ba, in dai aikin kuke magana a kai, ba mutuncin mai aikin ba.

Akwai kuma kason takaicin da ba na darakta ba ne, nawa ne, kuma adalci ya sa in ware shi. Na je wa The Hobbit ina neman abin da na ji ina saurayi, a ɗakin da yanzu babu shi, tare da mutanen da rayuwa ta rarraba. Babu daraktan da zai iya mayar mini da wannan. Na gane haka ne ranar da na ga ɗan yayata, yana da shekara tara a lokacin, yana kallon tseren gangunan nan a tsaye, yana ihu yana tsalle. Abin da ya fitar da ni daga labarin shi ya shigar da shi. Ban ce masa komai ba, kuma ina roƙonku ku ma kada ku ari takaicina ku yafa. Da yawanku da The Hobbit kuka fara, wataƙila da fassarar Hausa a waya, kuma kuna sonsa. Ku riƙe abinku. Abin da nake nema a wurinku shi ne ku iya faɗin dalilin son, dalla-dalla, kamar yadda na faɗi dalilin rashinsa, sai mu yi muhawara mai amfani.

Ku kuma masu rubuta littafi a waya kuna sakewa babi-babi, da masu haɗa gajerun fina-finai da abokai, wannan labarin ya fi shafarku. Ranar da abinku ya karɓu, za a ce ku ƙara. Masu karatu za su roƙa, mai saye zai roƙa, aljihu ma zai roƙa. Mun sha ganin fim mai kashi ɗaya da biyu da uku da huɗu wanda labarinsa na kashi ɗaya ne, da shiri mai dogon zango da ya ci gaba shekara guda bayan labarinsa ya mutu. In mutumin da fim ɗinsa ya ci Oscar 11 a dare ɗaya bai tsira daga wannan ba, ku da ni sai mu yi hattara. Ku auna labarin kafin ku auna kasuwar, kuma in an ba ku zaɓi tsakanin ƙarin kuɗi da ƙarin wata uku na shiri, ku yi tunani sosai kafin ku saki watannin. Wasu masu kallo a ƙasashen waje ma takaicinsu bai tsaya a baki ba: sun zauna da kwamfuta suka yanke fina-finan uku suka mayar da su guda ɗaya mai kimanin awa huɗu, suka bar Bilbo a tsakiya. Ko ba ku fitar wa kowa ba, ku gwada irin wannan a takarda da duk fim ɗin da ya ba ku haushi. Ku rubuta abin da za ku cire da abin da za ku bari da dalili. Makaranta ce da babu kuɗin shiga.

Da na bi masu cewa ya ƙare, da na rasa abin da ya zo a 2018. Gidan tarihin yaƙi na Ingila ya ba Jackson tsofaffin hotunan yaƙin duniya na farko, marasa launi marasa sauti, masu rawa da gaggawa irin na zamanin, aka ce ya yi abin da ya ga dama da su don cika shekara ɗari da ƙare yaƙin. Kakansa ya yi wannan yaƙin, kuma bai karɓi ladan aikin ba. Ya zauna da kimanin awa ɗari na hotuna da awa ɗari shida na muryoyin tsofaffin sojoji da aka naɗa tun suna raye, ya yi shekaru yana aiki a kansu. Aka gyara saurin hotunan ya dawo irin tafiyar mutane, aka wanke su, aka sa musu launi. Ya ɗauko masu karanta motsin leɓe suka gano abin da sojojin ke faɗa a gaban kyamarar da ba ta ɗaukar murya, aka nemo masu magana da karin harshen yankunan da rundunonin suka fito suka mayar musu da maganarsu. Sunan fim ɗin They Shall Not Grow Old, bai kai awa biyu ba, kuma babu mai sharhi a cikinsa sai su sojojin. Kwamfutar nan da na zarga ita ce ta yi wannan aikin. Akwai inda samari suke zaune a wani kwari suna jiran a ba su umarnin fita, wasunsu ba su wuce shekarunku ba, haƙoransu duk sun lalace, ɗaya ya juyo ya ƙura wa kyamara ido bai yi murmushi ba. Na tsayar da hoton a wurin na daɗe ina dubansa.